Nomau da Sawun Zabuwa

A garinmu, Kwarin Gawo, idan ka bi ta bayan masallaci ka gangara, gida na ƙarshe kafin kududdufi shi ne gidan Jatau maƙeri. Jatau ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata ɗaya, Tasalla, wadda idonta ya fara hazo, da ɗa ɗaya, Nomau, ƙato mai gemu da ƙarfi kamar san noma. Allah ya ba Nomau komai ya rage masa abu guda: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ni ne wanzamin garin, ni na yi masa askin suna, don haka na san kan nan tun yana taushi. Wauta kam akwai ta fal, amma babu mugunta a cikinsa ko ta ƙwayar gero.

Ranar da ciwon ajali ya kama Jatau yana tsakiyar ƙira ne. Ya ce wa ɗansa, "Zuga, Nomau, kada ka daina sai na ce." Sai jiri ya ɗebe shi, aka shiga da shi ɗaki, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Da ƙyar uwar ta shawo kan Nomau cewa salla da tuwo da barci hutu ne, ba dainawa ba ne. Tun daga nan kullum safiya sai ya shiga maƙera ya kama zuga-zugi, ya yi ta hura toka mai sanyi har hantsi. Yara sun yi dariya har sun gaji sun bari.

Shi Jatau yana da wani ɗan madoshi da ya gada. Duk abin da ya ƙera, tun ƙarfen yana ja, sai ya ɗora masa madoshin kusa da wuya ya buga sau ɗaya. Alamar zane uku ne da suka haɗu a gindi, sak sawun zabuwa. To ana nan sai ƙanin marigayin, Shekarau, wanda ya koyi ƙira ya watsar ya koma dillanci, ya ce zai rushe maƙerar ya kafa injin niƙa. Ɗakin Tasalla kuwa bangonsu ɗaya da maƙerar, idan ta faɗi ya faɗi. Ya ce ta koma wurin danginta, garin da rabonta da shi tun tana amarya. Sai dai a al'adar garinmu ba a rushe maƙera muddin ƙarfenta yana aiki a hannun mutane. Don haka mai unguwa Barau ya ba Tasalla wa'adi zuwa hadarin farko, ta nuna cewa har yanzu gari da ƙarfen Jatau yake ci. Ka ce abu mai sauƙi, ko? Ba ka san mutanenmu ba. Kowa yana son inji, kuma rabinsu aron kayan suka yi ba su mayar ba. Sai gari ya yi gum.

Wata rana Tasalla ta kira ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai, zo nan." Ta miƙa masa wuƙar girkinta, ta ɗora yatsansa a kan alamar. "Ka ji sawun nan? Hannun babanka ne. Ka zaga gari, duk abin da ka ga yana da irin sawun nan, ka kawo mini." Nomau ya ce to. Yana fita ya isa bakin kududdufi, sai ga sawun birjik a cikin laka. Ya duƙa ya bi su, ta cikin rama, ta ƙarƙashin danga, har tsakar gidan maƙwabciyarsu Goggo Lanti. Ya kama zabinta kaf ya zuba a buhu ya saɓa. Ya sauke a gaban uwarsa yana haki, ya ce, "Inna, ga su. Kowace ma biyu gare ta, ta fi wuƙar." Bai rufe baki ba sai ga Goggo Lanti da muciya a hannu. Aka kwance buhu, zabi suka watsu kan rufin ɗaki suna ihu, suka kuma yi yajin ƙwai har kaka. Tasalla ta dafe kai ta ce, "Ƙarfe nake nufi, ɗan nan. Ƙarfe."

Wata rana ya zo rumfata yana ɓata rai, ya ce, "Baba Wanzam, na duba ƙarafa, duk jajaye ne, ba sawu." Na ce tsatsa ce ta rufe. Na ɗauko wani tsohon lauje, na yanka lemun tsami, na dangwala toka da ɗan yashi na goga, sai ga alama ta bayyana. Ya buɗe baki. Ni kuma da tsautsayi na ƙara da cewa, "Haka za ka yi ta gogawa, kada ka gaji sai ya fito." Ƙarfen farko da ya ci karo da shi butar Liman ce, wadda yake ajiyewa a gindin darbejiyar masallaci. Butar kanti ce, ba ta taɓa ganin Jatau ba. Nomau ya zauna da ita daga azahar. Da la'asar Liman ya zo ya ɗura ruwa, ruwa ya zube masa a ƙafa. Nomau ya ce, "Sawun bai fito ba tukuna, Malam, amma na kusa, don har ina hango ƙasa ta ciki." Liman ya tambayi wanda ya sa shi, ya ce ni. Mutumin da nake yi wa aski tun gashinsa yana baƙi, sai da ya yi wata guda yana tafiya wani gari a yi masa.

Wata rana uwarsa ta aike shi kasuwar Kwanar Ɗinya ya duba ko akwai ƙirar babansa a wurin masu tsofaffin kaya. Ya tarar da wani tsoho ya baza adduna da fartanyu da zartuna na zamanin da, yana ta zuba wa masu saye zance. Yana cewa, "Ku dubi tambari kafin ku dubi baki. Wannan mai kada ce, ba ta tsoron ruwa. Wannan mai zakara ce, ita ke tashin manomi. Wannan mai giwa, sai dai ka gaji ka bar ta." Nomau ya haddace tsaf ya dawo. A zauren Shekarau akwai adda mai kada da fartanya mai zakara, jingine wuri ɗaya. Da ya gan su sai hankalinsa ya tashi. Ya raba su da sauri kafin kada ya cinye zakara. Ya dubi addar, ya ga ta bushe ƙayau, tausayi ya kama shi, ya kai ta kududdufi ya cilla tsakiya. Fartanyar kuwa ya ɗora ta kan katanga, ya watsa mata gero, ya zauna jiran cara. Da Shekarau ya zo neman addarsa, Nomau ya nuna masa ruwa ya ce, "Ta koma gida, Baffa. Ko waiwaye ba ta yi ba." Shekarau ya tuɓe ya shiga laka har wuya, ya fito da tsohon takalmi da matsattsaku biyu a cinya. Daga nan ya wuce gidan mai unguwa a jiƙe, ya ce a zo a ga magajin maƙerar da ake son a bar wa wuri.

Wata rana Nomau ya ga baffansa yana auna bangon maƙera da igiya. Ya ce, "Baffa, Inna ta ce duk abin da ke da sawun nan aikin gidanmu ne." Shekarau ya yi tsaki ya ce, "To ai shi ke nan. Ɗauki madoshin ka bi gari kana bugawa, gobe ka wayi gari kai ne mai garin." Gatse ya yi, amma wa ya gaya wa Nomau gatse? Ya ɗauki madoshi da guduma ya fita. Ya fara da ƙarfen amalanken mahauta, ya buga, madoshi ya zame. Ya gwada a garmar shanu, ya gwada a murfin rijiya, jama'a na kallo, ko ƙwarzane bai yi ba, don ƙarfe mai sanyi ba ya karɓar tambari. Sai ya koma kan masu karɓa. Ya buga wa kabewa, ya buga wa ƙwarya, ya buga wa sabon bangon da ake yaɓe. Ya buga wa tulun Goggo Lanti, ya tsaya cikin ruwan yana cewa, "Ya zama namu, sai dai ya fashe." A kan jakin mai itace aikin ya tsaya, don jakin ya mayar masa da nasa tambarin a ƙirji. Tasalla ta bi gida gida da sanda tana ba da haƙuri. Tulunta ɗaya tak, ta ɗauka ta ba Lanti.

Wata rana tana lalube a maƙera sai hannunta ya faɗa kan masaba, babbar gudumar ƙira, wadda sawun jikinta ya kusa shafewa don tsufa. Ta ga ɗanta yana fasa goriba da ita. Ta ce, "Kai, ka girmama wannan. Ta girme ka, ta girmi babanka, ta girmi kowa a garin nan." Tun daga ranar Nomau yake durƙusa mata da safe, ya tambaye ta kwanan gajiya. Ya shimfiɗa mata buzu. Aka yi suna a unguwa, ya kai ta cikin dattawa ya zaunar, ya kuma tsaya kai da fata sai da aka ba ta goronta.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai unguwa ya tara jama'a a ƙofar gidansa don a yanke magana. Nomau ya zo rungume da masaba, ya ture wani dattijo gefe ya ajiye ta a kan tabarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga babba. A fara da ita." Mai unguwa ya danne dariya ya ce, "To, me ta sani?" Nomau ya kara kunne a jikinta, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Ta yi shiru. Ina jin kunya take ji, kamar sauran mutane." Wallahi sai kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Mai unguwa ya tambaya ko akwai mai ƙarfen Jatau a gidansa. Wannan ya ce nasa na kanti ne, wancan ya ce nasa ya ɓata tun bara. Na zaro askata na nuna sawun, Shekarau ya ce, "Aska ba ta noma, Baba." Aka yi dariya. Tasalla ta fito da wuƙar girkinta, ba wanda ya ko karɓa ya duba. Mai unguwa ya ce wa'adi ya cika, wuƙa da aska ba su riƙe maƙera. Na ga matar nan ta mayar da wuƙarta cikin zane tana hawaye. Ban taɓa jin kunyar zama ɗan garin nan ba irin ta ranar.

Wata rana, ranar kasuwar Kwanar Ɗinya ce, Shekarau ya shirya zai je ya taho da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da zai kwashe uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, da sauran tarkace. Ya leƙa ya tarar da Nomau yana zuga tokarsa, Tasalla kuma tana ɗaure kwanukanta a tsumma. Ya ce, "Kai, tashi ka yi amfani yau. Duk wani ƙarfe mai sawun ubanka ka tara mini shi a ƙofar maƙera. Ƙarfe zalla, ban da itace, mai gwangwan ba ya sayen ƙota. Ko allura kada ka bari." Shi abin da ke cikin maƙerar yake nufi. Ya hau mota ya tafi, yawancin mazan gari ma suka bi kasuwa.

Nomau ya ari amalanke, ya cika aljihu da lemun tsami, ya ƙulla toka a leda, ya fara daga gidan farko na gabas. Duk inda ya yi sallama sai ya ce, "Baffa ne ya aiko ni." Mata suka ɗauka maganar inji ce, har suna nuna masa bayan rumbu. Ya goga, idan sawu ya fito ya buge ƙota ya jingine ta inda ya same ta, ya jefa ƙarfen a amalanke. Idan kada ne ko zakara ya ba su haƙuri ya ajiye. Ya kwashe sungumi da fartanya da garma, ya kwashe gatari da gizago da dagi da lauje. Ya ciro ƙugiyar da ake ciro guga da ita, ya zare tsinkunan mai tsire, ya kwance sakatar masallaci. Askata ma ya zo ya karɓa ina tsakiyar aski, na bar bawan Allah da rabin kai. Bai gama ba sai da rana ta yi ja. Maza suna dawowa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya faɗa ɗaki a jiƙe, ba wanda ya bi ta kan kayan gona. Shekarau kuwa ruwan ya tare shi a can.

Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, ranar shuka ke nan. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauki sunguminsa, sai ya ji sanda ce zalla. Kafin rana ta ɗaga duk Kwarin Gawo ya hallara a ƙofar maƙera, kowa riƙe da ƙota kamar za a kashe maciji. Ga tulin ƙarfe ya kai ƙirjin mutum, an goge kowanne fes, sawun zabuwa yana ƙyalli a wuyansa. Nomau yana ciki yana zuga. Mutanen da suka rantse nasu na kanti ne suka faɗa wa tulin, wannan yana cewa "ga nawa", wancan yana cewa "sakar mini, tun zamanin babana yake gidanmu". Mai unguwa ya iso zai tsawata, sai ya hango gatarinsa da garmarsa a sama, ya fasa ya gyara hula.

Tasalla ta fito da sandarta tana tambayar hayaniyar mece ce. Na kama hannunta na ɗora a kan tulin. Ta shafa ɗaya, ta shafa na biyu, yatsanta yana zuwa daidai wurin sawun ba lalube. Ta ce, "Wannan, shekarar da fara ta cinye gonaki ya yi shi. Wannan kuma ina da cikin ɗan nan." Ta san waɗanda aka saya, ta san waɗanda aka ara, amma ba ta kama sunan kowa ba. Ta zauna a ƙasa ta rungume wata tsohuwar fartanya tana kuka tana dariya.

Sai ga Shekarau a motar ɗan gwangwan. Ya biya gidansa ya tarar da ƙyaurensa kwance a tsakar zaure, awaki a kan gadonsa, don ƙarafan da ke riƙe da ƙofar ma yayansa ne ya ƙera masa su lokacin aurensa. Ya iso yana huci.

"Wa ya sa ka wannan aika-aika?"

"Kai ne, Baffa. Allura ce kawai ban samu ba."

Shekarau ya juya ga jama'a ya ce yaron nan ne ya bi ya bubbuga tambarin jiya. Goggo Lanti, wadda ta fi kowa cin wuyar Nomau, ta ce, "Haba Shekarau, ji tsoron Allah. A gabanmu ya gwada, ƙarfe mai sanyi bai karɓa ba. Tuluna ne ya karɓa." Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce ai magana ta ƙare, maƙerar da gari bai iya shuka sai da ita ba matacciya ba ce, kuma ba mai taɓa bangonta. Ɗan gwangwan ya dubi tulin ƙarfe, ya dubi ƙotocin da ke hannun mutane, ya tayar da motarsa ba sallama.

Saura matsala ɗaya. Ƙarfe ba ya komawa ƙota sai an gasa wutsiyarsa ta yi ja an soka, ga rana tana ɗagawa, ga laima tana gudu. Duk garin kuwa mutum ɗaya ne ya rage da ya san riƙon awartaki. Ido ya koma kan Shekarau. Ya dubi babbar rigarsa, ya dubi jama'a, ya ga ba hanyar fita. Ya tuɓe rigar ya rataye a danga, ya sunkuya ya shiga, ya zauna a kan dutsen da yayansa yake zama. Na ga ya daɗe yana kallon masabar nan a kan buzunta kafin ya miƙa hannu. Tasalla ta kwance tsumman kwanukanta, ta ɗauki kasko ta ɗebo garwashi daga murhunta, ta zuba a kan gawayi da hannunta.

Shekarau ya ɗauki sungumin farko ya cusa a wuta. Ya ce, "Zuga, Nomau."

Nomau ya ce, "Ai ban daina ba, Baffa."

Gawayin ya kama, ya yi ja.